Wa Ya Ba Shi? Asali da Buwayar Sadaukin Littafin Zane a Idon Mai Karatu na Bodinga da Shagari

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda littattafan labarin zane suke bayyana asalin sadaukansu da irin buwayar da suke ba su. Ta ɗauki Superman a matsayin babban misali, ta auna shi da abin da mutumin ƙasar Bodinga da Shagari ya riga ya sani game da ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, daga gargajiya da kuma karatun malaman jihadi. Hujjar takardar ita ce, a wurin wannan mai karatu, girman buwaya bai kai hannun da ya bayar da ita muhimmanci ba, domin daga wannan hannu ne sharaɗi da makari da hukunci suke fitowa.

1.0 Gabatarwa



Yaron da ya tashi a Bodinga ko Shagari a yau ya san Superman da Spider-Man ko da bai taɓa riƙe littafin da aka ƙago su a ciki ba. Yana ganin su a jikin jakar makaranta da rigar gwanjo, yana kallon su a wayar yayansa. Garuruwan nan biyu suna kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal zuwa Jega, kuma abin da ya shigo birni da safe ba ya kwana bai iso su ba. Saboda haka tambayar ko sadaukan zane za su zo mana ta riga ta wuce. Abin da ya rage shi ne mu san abin da suke ɗauke da shi, mu kuma san abin da za mu zana idan matasanmu suka ɗauki alƙalami don su yi namu.

Idan Bahaushe ya ga mutum ya yi abin da ya gagari sauran mutane, ba ya tsayawa a kan mamaki. Zai ce, wane ba haka nan yake ba. Zai ce an dafa shi, ko ya gada, ko ya sha. Duk waɗannan maganganu tambaya ɗaya suke amsawa: wa ya ba shi? A kan wannan tambaya na gina takardar.

2.0 Superman: ƙarfi daga wani wuri, tarbiyya daga wani

Superman ya fara fitowa a lamba ta ɗaya ta mujallar Action Comics a 1938. Matasa biyu ne daga birnin Cleveland na Amurka suka ƙago shi, Jerry Siegel mai rubutu da Joe Shuster mai zane, ƴaƴan Yahudawa ƴan ci-rani, kuma sun sayar da haƙƙinsa kan dala 130. Asalin da suka ba shi gajere ne: wata duniya mai suna Kirifton za ta tarwatse, wani masanin kimiyya ya sa jaririnsa a kumbo ya harbo shi, jaririn ya sauka a duniyarmu. Masu nazari da dama sun hango inuwar ƙissar Annabi Musa (AS) a cikin wannan jariri da aka saki don a tsirar da shi, kuma ba abin mamaki ba ne idan aka dubi gidajen da mawallafan suka fito.

Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne yadda buwayarsa ta yi ta canzawa. A fitowar farko ba ya tashi sama, tsalle yake yi. Yana tsallake dogon bene, yana tsere wa jirgin ƙasa, harsashin bindiga ba ya huda fatarsa. Mawallafan sun ma kawo hujjar da suka kira ta kimiyya, suka ce ai tururuwa tana ɗaukar abin da ya ninka nauyinta, fara kuma tana tsallen da ya ninka tsawonta. Tashi sama ya zo ne a farkon shekarun 1940. Daga baya aka ƙara masa gani ta bayan bango, da wuta daga ido, da numfashi mai daskarar da ruwa, aka kuma sake bayanin tushen ƙarfin aka jingina shi ga hasken ranarmu. Da ƙarfin ya yi yawa har labari ya rasa abokin karawa, sai aka nemo masa rauni. Dutsen Kirifton, wanda ke karya lagonsa, ya fara bayyana a shirin rediyo a 1943, bai shiga littafin ba sai 1949. Wato shekaru biyar sadaukin ya yi a duniya kafin a tuna cewa yana bukatar makari.

Haka ma iyayen riƙonsa. A labarin 1938 wani mai mota ne ya tsinci jaririn ya kai shi gidan marayu. Sai a 1939 aka shigo da iyalin Kent, waɗanda suka raine shi suka koya masa ya yi amfani da ƙarfinsa don taimakon mutane. Nan ne ginshiƙin maganata. Ƙarfin Superman daga Kirifton yake, tarbiyyarsa daga gidan Kent. Wanda ya ba shi ƙarfi bai gindaya masa komai ba, wanda ya yi masa tarbiyya kuma ba shi da ikon karɓe ƙarfin idan ya kauce.

Sadaukan da suka biyo baya sun ƙara faɗaɗa wannan rata. A 1961 wani haske na sararin samaniya ya bugi Fantastic Four, a 1962 gizo-gizon da tururin nukiliya ya taɓa ya ciji Peter Parker ya zama Spider-Man, a shekarar kuma fashewar bam ta haifi Hulk. Zamanin fargabar nukiliya ne, asalin sadaukan ya ɗauko abin da jama'arsu ke tsoro. Amma duka haɗari ne. Babu mai bayarwa, babu alƙawari. Peter Parker sai da kawunsa ya mutu saboda sakacinsa kafin ya san nauyin abin da ke jikinsa.

3.0 Buwaya a gargajiyar Bahaushe

Idan lissafin buwaya ake so, Bahaushe ba baƙo ba ne. Yana da tauri, wanda ake cewa ƙarfe ba ya cin mai shi. Yana da layar zana da baduhu na ɓacewa daga ido, da sagau mai sandarar da hannun wanda ya ɗaga makami, da kau-da-bara mai kautar da kibiya. Ba ina tabbatar da aikinsu ba ne, ina bayyana abin da ke cikin tunanin jama'a, domin a cikin wannan tunani ne kowane labari zai sauka. Kusan duk abin da aka ba Superman a 1938 akwai sunansa a bakin mutanen ƙauyukanmu tun kafin a haifi Siegel.

Bambancin yana wurare uku. Na farko, buwayar Bahaushe tana da gida, kuma gidan sau da yawa sana'a ce. Maƙeri ne ke wasa da jan ƙarfe, Basarke ne ke shiga ruwa ya fito da abin da ya gagari kowa, kamar yadda ake gani a Argungu inda Sarkin Ruwa ke da tasa rawar kafin masunta su faɗa kogi. Rundawa ke da dambe da hawan ƙaho, maharba ke da daji. Yaro ba ya wayar gari da ita. Uba ne ko kaka ko maigida ke ba shi, kaɗan-kaɗan, bayan an ga hankalinsa. Ko Bayajida da ya zo daga Bagadaza sai da ya bi ta Gaya maƙera suka ƙera masa makami kafin ya tunkari macijin rijiyar Kusugu a Daura.

Na biyu, tana zuwa da sharaɗi, kuma daga bakin wanda ya bayar. Wani a hana shi cin wani abinci, wani a hana shi fara tsokana, wani a ce ranar da ya ci amana ranar abin zai bar shi. Ko da mun ajiye maganar gaskiyar asirin a gefe, tsarin yana koyar da abu mai nauyi: ƙarfi amana ce da aka damƙa, kuma mai damƙawa yana nan yana kallo.

Na uku, makari. Bahaushe bai taɓa yarda akwai asirin da ba shi da makari ba. Gaba da gabanta, in ji shi, aljani ya taka wuta. Abin da ya ɗauki mawallafan Superman shekaru kafin su gano, a wurinmu tare da buwayar ake haihuwarsa.

Akwai kuma makaɗi. Sadaukin Amurka yana rufe fuska ko ya sake kama, ya shiga cikin jama'a ba a san shi ba. Namu yana shiga fage da kirari, yana faɗin sunansa da na ubansa da na garinsu. Shago ɗan dambe ba zai zama Shagon da muka sani ba in ba don makaɗinsa Ɗan Anace ba, kuma maharba da ƴan tauri sun sami nasu a wurin Kassu Zurmi. Jarumtar da ba a shaida ba, a al'adar nan, ba ta cika ba.

4.0 Ma'aunin Sifawa da Bodinga

Da gargajiya kaɗai ce a ƙasar nan, da aikin mai zane ya yi sauƙi: ya ɗaura wa yaro guru da kambu ya sake shi. Amma Bodinga ba kowace ƙasa ba ce. A Sifawa, cikin Ƙaramar Hukumar Bodinga ta yau, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815 yana karantarwa yana rubutu, kafin ya koma Sakkwato inda ya rasu a 1817. A zamanin zaman Sifawa ne, a 1812, ya raba kula da daula tsakanin ɗansa Muhammadu Bello da ƙanensa Abdullahi. Malam Abdullahi kuwa a Bodinga ya zauna kafin ya tare a Gwandu. Mutanen da suka gaji wannan karatu suna da ma'auni na auna duk abin da ya saɓa wa al'ada, kuma ma'aunin ya fi duk wanda kamfanonin Amurka suka ƙirƙiro tsari.

Malaman tauhidi sun rarraba shi. Mu'ujiza ta annabawa ce. Karama ta waliyyai ce, Allah ke bayarwa, ba a koyonta ba a sayenta. Ma'una taimako ne da Allah ke yi wa mumini gama-gari ya fitar da shi daga ƙunci. Istidraji talala ce da ake yi wa fasiƙi. Sihiri kuwa koyonsa ake yi, kuma haramun ne. A ido, biyu daga cikinsu na iya yin kama: wannan makami bai kama shi ba, wancan ma bai kama shi ba. Abin da ya raba su shi ne tushe da halin mai abin. Shi ya sa na ce a wurin wannan mai karatu labarin asali ba ado ba ne. Shi ne ke gaya masa ko wanda yake kallo abin koyi ne ko abin neman tsari.

Tarihin jihadi cike yake da labaran karama. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, ya tattara na Shehu a littafinsa Raudul Jinan. Sananne ne labarin da ake bayarwa cewa Sarkin Gobir Yunfa ya harbi Shehu, bindigar ta ƙi, wutar ta koma kan mai harbin. Shehu da kansa ya ba da labarin abin da aka nuna masa a 1794, inda Shehu Abdulƙadir Jilani ya rataya masa Takobin Gaskiya. A lura, a nan ma akwai mai bayarwa, akwai kuma aikin da aka bayar dominsa. A gefe guda, Shehun nan ne ya soki tsafi da duba da yanka ga duwatsu da itatuwa a Nurul Albab. Kuma da mutane suka fara raɗe-raɗin cewa shi ne Mahadi, ya rubuta Tahzirul Ikhwan ya fito fili ya ce ba shi ba ne. Wannan abu yana burge ni ƙwarai: jama'a suna miƙa wa shugaba matsayin da ya fi na mutane, shi kuma yana mayar musu da shi. Malam Abdullahi ma, a wajen 1807, da ya ga son duniya ya fara shiga rundunar da ke cin nasara, ya bar ta ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkam a kan abin da ya wajaba ga mai mulki. Damuwarsa ita ce abin da zai ɗaure ƙarfi bayan an same shi.

Ina so in faɗa a sarari cewa ba ina kiran a zana Shehu ko Abdullahi a littafin zane ba ne. Jama'a ba za su karɓa ba, kuma suna da gaskiya. Ma'auninsu nake cewa a ɗauka.

Ƙasar nan ta kuma ga abin da ke faruwa idan imani da buwaya ya haɗu da bindiga mai ruwa. A Satiru, maƙwabciyar ƙasar Bodinga, ranar 14 ga Fabrairu 1906 talakawa da gatura da fartanya suka tarwatsa rundunar Turawan Ingila, suka kashe Turawa 3 da sojoji 25. Suna da koke na gaskiya a kan sabon mulkin da aka ɗora musu, suna da akidar Mahadiyya, suna kuma tare da Ɗan Makaho, wanda ya tsallako daga ƙasar da Faransa ke mulki, mabiyansa na ganin yana da asirai. Ranar 10 ga Maris sojoji suka dawo, aka kashe mutane wajen 2,000, aka shafe garin. A yau ma, cikin wannan masifa ta ƴan bindigar daji, maganar maganin bindiga ba tatsuniya ba ce a kunnen matashi. Mai zanen da ya nuna yaro ya rataya laya harsashi yana zubewa daga ƙirjinsa ya sani cewa cikin masu kallonsa akwai wanda zai so ya gwada.

5.0 Waɗanda suka gwada kafin mu

A 1975 an fara buga Powerman don kasuwar Nijeriya. Turawan Ingila ne suka zana shi, Dave Gibbons da Brian Bolland, kuma rauninsa saran maciji ne. Baƙar fata ne, amma ginin na Superman ne. A Legas, kamfanin Comic Republic na Jide Martin ya fito da Guardian Prime. Roye Okupe kuma ya yi Malika, sarauniya mayaƙiya da ya gina a kan tarihin Amina ta Zazzau. Black Panther, wanda Stan Lee da Jack Kirby suka ƙago a 1966, shi ya fi kusa da tsarinmu, domin ƙarfinsa na gadon sarauta ne da wani tsiro da ake sha, ana kuma iya cire masa shi. Sai dai tushensa abar bauta ce mai suna Bast, kuma mai karatun Sifawa ya san inda zai ajiye wannan a ma'auninsa.

Darasi mafi kusa da mu daga Kuwaiti yake. A 2006 Dokta Naif Al-Mutawa ya fito da The 99, matasa masu samun buwaya daga wasu duwatsu da aka ce sun tsotse ilimin ɗakunan karatun Bagadaza lokacin da Mangolawa suka rusa ta a 1258, kowane sadauki yana ɗauke da sifa daga sunayen Allah kyawawa. Niyyarsa ta alheri ce, amma a 2014 malaman Saudiyya suka yi fatawa a kan aikin. Asalin ne ya jawo, ba zanen ba.

A gida kuwa, Gandoki na Muhammadu Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, ya ɗauki mayaƙin Kwantagora ya kai shi ƙasar aljannu. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, na 1951, daga labarin Rasha na Ilya Muromets aka ɗauko shi, amma ya zauna daram a Hausa har da yawa ba su san baƙo ba ne. Ina ganin dalilin yana cikin asalinsa. A labarin na Rasha, jarumin ya yi shekaru a zaune ba ya iya tafiya, har waɗansu baƙi matafiya suka zo suka ba shi abin sha ya miƙe, suka kuma gaya masa waɗanda ba zai kara da su ba. Ga mai bayarwa, ga sharaɗi, ga iyaka.

6.0 Abin da ke gaban mai zanen Bodinga da Shagari

Wani zai ce littafin zane wasan yara ne, bai cancanci wannan dogon nazari ba. Mutumin Shagari ya fi kowa sanin amsar. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin a 1925 ya kuma shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, malamin makaranta ne tun farko, kuma da ya so yara su san ƙasarsu sai ya zuba musu labarin ƙasa da tarihi a Waƙar Nijeriya. Ya bi sawun Nana Asma'u, wadda ta kai karatu ga matan karkara ta hanyar waƙa da jajis na ƴan taru. Ɗaukar abin da jama'a ke so a ɗora masa ilimi tsohuwar hanya ce a ƙasar nan.

Matashin da zai zana mana sadauki yana da abubuwa a gabansa da ba zai tsallake ba. Hukuncin zana mai rai yana nan, kuma gara ya zauna da malaman garinsu tun kafin ya fara. Harshen ma sai ya zaɓa: yaron Dancaɗi ko Dingyaɗi da zai buɗe baki da Kananci ya riga ya zama baƙo a shafin farko. Amma babba a cikinsu ita ce tambayar da muka taso da ita. Haɗarin ɗakin gwaji ba zai gamsar da kowa a nan ba, laya da guru kuma za su jefa shi cikin abin da Nurul Albab ya soka. A ganina faffaɗar ƙofa tana wurin sana'a da horo da ma'una: ɗan maƙeri da ya san ƙarfe fiye da kowa, ƴar masunta a bakin madatsar ruwan Shagari da ta gaji sanin ruwa daga kakarta, ɗan Fulani mai karanta sawu da kukan tsuntsu, kowannensu da wanda ya koya masa, da alƙawarin da ya ɗauka, da lokacin da dabararsa za ta ƙare ya ɗaga hannu ya roƙi Allah. Za a iya kambama gwanintarsu yadda labari ke so ba tare da an taɓa akida ba. Kuma tun da sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, babu dalilin da zai sa sadaukin ya zama mutum ɗaya.

Rufe fuska kuwa ba zai yiwu ba. A garin da ake gane mutum daga tafiyarsa, a kuma al'adar da jarumi ke faɗin sunan ubansa kafin ya kai hannu, ɓoyayyen suna irin Clark Kent da Superman ke fakewa da shi ba shi da wurin zama. Wannan yana sauya ginin labarin gaba ɗaya. Idan kowa ya san sadaukin, kowa ya san mahaifiyarsa da gidansu da tsohon da ya koya masa. Abokin gaba ba zai ɓata lokaci yana neman wani dutse daga sararin samaniya ba. Zai bi ta wurin mai bayarwa, da kyauta ko da barazana, ko ya aiko wanda zai zauna da sadaukin ya ci ya sha da shi har ya ji sharaɗin, sannan ya shirya masa ranar da zai zaɓa tsakanin karya alƙawari da barin wani nasa ya halaka.